Hula

Shekara guda da wata biyu ban zo ba.
Na ce aiki ne. Ba aiki ba ne.

Yau Tilda ta riga ni tashi,
ta sa takalman roba, ta tsaya jikin mota,
ba ta ce uffan ba.
Shirun yaro ya fi sammaci.

A ƙofar gandun dabbobi aka ba mu tsaba a ƙunshi.
Kangaru na kwance cikin hantsi
kamar dattawan da hira ta ƙare musu amma suka ƙi tashi.
Ɗaya ya riƙe hannun Tilda da baƙin farce,
ya cinye, ya lashe tafin, ya juya baya,
ko godiya babu.

Ni ba su na zo gani ba.

Wancan daren, hanyar Bothwell, tsakiyar Tasmaniya,
raɓa ta daskare a kan kwalta,
tankar madara cike maƙil a bayana.
Ƙara ɗaya na ji, ba mai yawa ba,
kamar an yar da buhu a gindin taya.
Kowa wucewa yake.
Har yau ban san abin da ya taka mini birki ba.

Wambat ce. Gajerun ƙafafu, jiki kamar turmi.
Ta riga ta tafi, amma da sauran ɗumi.
Na tuna abin da rediyo ke faɗa: a duba jakar cikinta.
Na zura hannu ina kau da kai,
sai wani abu ya motsa.

Ja-wur, ba gashi, ba ta fi sabulun wanka ba.
Na cire hular ulu na saka ta,
na cusa cikin riga, daidai ƙirji.
Lita dubu ashirin na madara nake ja,
babu ɗigo ɗaya da cikinta zai ɗauka.

Ƙarfe uku na dare Glenys ta buɗe ƙofa,
gashi a hargitse, kwalbar shayarwa a aljihu.
Ba ta tambayi wanda ya buge uwar ba.
Hular kawai ta karɓa,
ba ta dawo mini da ita ba, sunan ma ya bi jaririyar.

Ga Hula yau.
Ta yi ƙiba, ta yi gashi kamar tsohuwar tabarmar ƙofa,
ta haƙa rami ƙarƙashin shinge sau uku a wannan wata.
Glenys ta nuna mana ƙwaurinta, duk shaidar haƙora.
Ta ce, tana murmushi:
ta fara ƙina, aiki ya yi kyau ke nan.
Ranar da ta ga mutum ta gudu, ranar na gama.
Da damina ta wuce za a kai ta wani daji
inda ba a jin kukan mota.

Tilda ta ce, Baba, za ta gane ka?

Na tsuguna. Na miƙa hannun nan dai.
Hula ta matso, ta shinshina takalmina,
ta ciji igiyar, ta ja, ta tsinke ta,
ta shige raminta da ɗuwawu a waje.

Glenys ta yi dariya har da hawaye.
Ni ma na yi, nawa hawayen daban.

A hanyar gida magariba ta same mu.
Na sauke gudu har na baya suka fara hon.
Tilda na ƙirga idanun da ke walƙiya a gefen titi,
huɗu, shida, bakwai.

Na ce, Tilda, uwarta ba a mace na tarar da ita ba.
Ni ne.

Ta daɗe tana kallon taga.
Ta ce, na sani, Baba.
Ga wasu can, takwas, tara.
Rage kaɗan.